Ruwan Ya Yi Tsami

Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya taɓa Baba, ƙafarsa ta hagu ta daina jin magana. Likita ta ce abin da ya rage shi ne tafiya a cikin ruwa kullum, domin ruwa na ɗauke wa ƙafa nauyi. Ta kuma ce in aka yi sake ƙafar za ta sandare, daga nan sai keke. Shi ya sa Yaya, babban ɗansa, ya gina kwamin ninkaya a bayan gida, ɗan ƙarami, ruwansa iya ƙugu, da ƙarfen dafawa a gefe.

Da farko abin ya yi kyau, har Baba na kaiwa ƙofar gida da sanda kawai. Daga baya ya fara kawo dalilai. Yau sanyi, gobe baƙi, jibi barci bai ishe shi ba. Aka koma ana riƙe shi zuwa banɗaki. Kowa a gidan ya gani, kowa ya ce tsufa ne.

Auta ce kaɗai ba ta yarda ba. Aikinta gwajin ruwa ne a wani kamfanin ruwan kwalba, kuma ranar da ta zo hutu ta same shi a baranda yana susar ƙwauri ta saman wando.

"Baba, ɗaga in gani."

"Ba komai, Auta."

"To bari in ga ba-koman."

Fatar ta yi ja, ta bushe, tana saɓa. Da ta dubi idanunsa su ma jajir.

"Ruwan ne ke ɗan cizo," ya ce a hankali. "Kada ki gaya wa yayanki. Yaron nan ya yi ƙoƙari. Yanzu in dube shi in ce abin da ya gina mini yana cina?"

Auta ta cije leɓe. Wannan ba komai ita ce babbar cutar gidansu. Rufi ya yi yoyo, ba komai, a tara bokiti. Magani ya ƙare, ba komai, gobe. Yanzu ga mutum zai ba da ƙafarsa sukutum don kada a ji kunya, kuma a haka ake kiran abin haƙuri.

A sito ta sami kayan awon ruwan da aka haɗo da injin tacewa, ko ledarsu ba a yaga ba. Ta kira Yaya bakin kwami. Goggo, yayar Baba, tana kan tabarma can gefe tana yanke farce.

"Ke dai dubi ruwan," in ji Yaya. "Garau. Har tayil ɗin ƙasa kina iya gani. Kullum sai na jefa ƙwayar kulorin."

"Ruwan batir ma garau yake, Yaya. Za ka wanke fuska da shi?"

Ta ɗebi ruwan a 'yar kwalbar awo, ta ɗiga jan magani, ta girgiza. Ya koma rawaya fatau. Ta nuna masa tsatsar da ta fara cin gindin ƙarfen dafawa, da simintin tsakanin tayil da ya zaizaye.

"Abu biyu ne. Na farko ruwan ya yi tsami, kuma ƙwayoyin nan naka da ruwan sama ne suka kai shi haka. Abin da ke cin ƙarfen nan shi ke cin fatar Baba. Na biyu, ba shi da abin da zai riƙe shi, kamar mota ba birki, abu kaɗan ya faɗa ciki sai ya karkata. Wannan za a fara gyarawa, da hodar soda, kaɗan-kaɗan. A zuba, a bar inji ya juya, a sake aunawa."

Yaya ya kalli tsatsar. "Me ya sa bai faɗa mini ba?"

"Kai me ya sa ba ka tambaya ba?"

Washegari da safe suka tafi shagon kayan kwami tare. Da suka dawo suka zagaya baya, Yaya ya ja ya tsaya da buhun soda a kafaɗa. Ruwan ya zama fari kamar an wanke shinkafa a ciki, da wani baƙin tsaki yana yawo a sama. Goggo na tsaye da babban bokiti, fuskarta a sake.

"Na hutar da ku," ta ce. "Ba ke kika ce ya yi tsami ba, likitar ruwa? Ni da na tsufa a kicin, a ce ban san maganin tsami ba? Kanwa na jiƙa. Ta gidan nan ba ta isa ba, sai da na bi maƙwabta."

Auta ta ɗauko kwalbar awo. Ta durƙusa ta auna. Wannan karon kwalbar ta koma shunayya.

"Kin kashe tsamin, Goggo. Kin kuma wuce da gawar."

"Au, yawa ta yi?"

"Duk unguwa kika kwashe, ki ce yawa ta yi?"

Hayaniyar ta sa Baba ya lallaɓo da bango ya leƙo. Ya daɗe yana kallon farin ruwan.

"Da yana garau ma ya cije ni, balle yanzu," ya ce. "Ku cike ramin nan da ƙasa, a huta."

Ba a cike ba. Auta da Yaya suka zubar da wani sashe na ruwan suka ƙara sabo. Inji ya wuni yana aiki, suna buɗe matacin suna wanke farin laka. Abin ban haushi, yanzu tsami za a ƙara, shi ma da awo, ana jira tsakanin zubi da zubi. Jiran ne ya fi damun Auta, domin kowace safiya tana jin ƙarar jan ƙafar Baba a tsakar gida, kuma jan ƙaruwa yake. Yaya ya karɓi kwalbar da kansa ya koyi ɗigawa. Goggo kuwa ta daina zuwa bayan gida, sai dai ta leƙo ta tagar kicin.

Ranar da launin ya tsaya tsakiya, ja mai ɗan ruwan lemo, awo na biyu kuma ya nuna ruwan ya sami abin riƙo, Auta ta kai wa Baba kwalbar har baranda.

"Ga shi, Baba. Yanzu ya daidaita. Ba zai ci ka ba."

Aka kawo shi bakin kwami ya zauna a kujera. Ruwan bai gama washewa ba, ana ganin ƙasan amma dishi-dishi.

"Da saura," ya ce.

"Wannan ƙura ce kawai, inji zai kwashe ta. Ido ba ya ganin tsami, Baba, shi ya sa ake aunawa. Ƙafarka kuma ba za ta jira ba."

"Na ji. Gobe."

Auta ta ji maganganu sun cika mata baki, irin waɗanda ba a faɗa wa uba. Ta juya baya tana ɗaure murfin kwalba da ƙarfin da bai kamata ba.

Sai ga Goggo ta fito daga kicin, hannunta da sauran kumfar wanke-wanke. Ba ta dubi kowa ba. Ta tuɓe takalmi, ta tattare zani zuwa gwiwa, ta kama ƙarfen ta sauka matakalar farko, sannan ta biyu. A iya sanin Auta, matar nan ba ta taɓa shiga ruwan da ya wuce na bokiti ba.

"Goggo, a hankali," in ji Yaya.

"Rabu da ni. Ni na ɓata, ni zan ɗanɗana." Ta tsaya ruwa na kaɗa bakin zaninta. Ta kamfata ta shafa a fuska, ta ƙifta ido, ta jira. Sannan ta dubi ƙanenta. "Kai Dogo, ba cizo ba yaƙushi. Tun kana yaro kake gudun wanka, sai na bi ka da soso. Ka shigo, ko in fito in ɗauko ka a gaban 'ya'yanka?"

Baba ya dubi Yaya, Yaya ya dubi sama. Can sai Baba ya miƙa hannu.

Suka saukar da shi su biyu. Ruwan ya kai masa ƙugu, ya tsaya yana sauraron fatarsa. Ya kama ƙarfen da hannun dama, ya tura ƙafar dama gaba. Ta hagun ta yi jinkiri, ta ja ƙasa, sannan ta taso ta biyo.

"Matsa mini, Yaya," ya ce wa yayarsa Goggo. "Kin tare hanya."