Baƙuwa a Ƙofar Gidanta

Gidan Lowrie Isbister da matarsa Osla yana kan hanyar kudu, mil goma sha biyu daga Lerwick, babban garin tsibiran Shetland, daidai kwanar da titi ke lanƙwasa teku ta buɗe wa mutum gaba ɗaya. A nan manyan motocin bas masu ɗauko baƙi daga jiragen ruwan shaƙatawa suke tsayawa minti goma, a sauko a ɗauki hoto a koma. Shekara talatin da ɗaya Osla tana kallon su ta tagar kicin, hannunta cikin ruwan wanke-wanke. An ɗauki hotonta tana shanya, an ɗauka tana korar tumaki daga cikin kabeji, akwai ma ranar da aka ɗauka tana atishawa. Ta tabbata akwai gidaje a ƙasashen da ba ta san sunansu ba, inda take maƙale a bango da kwandon wanki a ƙugu.

Ba ta jin haushin baƙin. Abin da take so a ranta shi ne ita ma ta hau wannan bas ko sau ɗaya, a manna mata lamba a ƙirji, ta zauna gefen taga wani yana yi mata bayani, ta sauko a kwanar ta tsaya ta kalli wurin da busasshen hannu. Ta taɓa faɗa wa Lowrie, ya yi dariya har ya ƙware da shayi. Daga ranar ta ja bakinta ta rufe, amma burin bai tafi ko'ina ba.

Shi Lowrie ba mugun mutum ba ne. Shekara talatin da biyar ya yi yana rabon wasiƙu a wannan hanya kafin ya yi ritaya, ba karen da bai san sunansa ba, ba ramin titin da bai faɗa ba. Aibinsa ɗaya, hannun jarirai ne da shi. Ambulan ɗin da aka aiko masa da shi sai ya juya ya sake aikawa, ganyen shayi ɗaya kuwa sai ya yi kofi uku kafin a sallame shi. Shi ya sa da ya shigo wata rana ya ce ya biya musu kuɗin jirgin shaƙatawa na kwana tara, don cikarsu shekara arba'in da aure, Osla ta fara taɓa goshinsa ta ji ko zazzaɓi ne.

Ba zazzaɓi ba ne, rangwame ne. Ɗakin da ya kama yana can ƙasa kusa da inji, ba taga ko ta leƙen kaza. Ya ce barci za su yi a ciki, ido rufe, me za a yi da taga? Suka kwana a jirgin fito zuwa Aberdeen, suka hau jirgin ƙasa zuwa Newcastle, kwana biyu cur suna tafiya kafin su taka babban jirgin. Sai da suka zauna Osla ta karanta takardar tafiyar a tsanake. Za a je Bergen da wasu garuruwa biyu na Norway, a leƙa tsibiran Faroe, ran kwana na bakwai kuma jirgi zai yini a Lerwick. Wato sun yi tafiyar kwana biyu don su hau jirgin da zai kawo su gida. Ta ɗaga ido ta ga Lowrie yana murmushin wanda ya yi wa duniya wayo.

A jirgin ana sayar da tikitin zagaye na kowane gari, bas da 'yar jagora da shayi a hanya. Lowrie ya duba farashin sau ɗaya ya ce Allah ya ba mai rabo sa'a. Yana da nasa tsarin. Da safe a wurin karin kumallo zai cika aljihun rigar ruwansa da burodi da cuku da dafaffen ƙwai, yana waige-waige, alhali ba wanda ya damu da shi. Idan an sauka gari sai ya zaɓi ayarin da suka biya kuɗi, ya bi bayansu da tazarar taku goma, yana yi kamar yana ɗaure igiyar takalmi duk inda suka tsaya, kunnensa na wajen bayani. A Bergen dabarar ta ci na awa guda, har 'yar jagorar ta juyo cikin ladabi ta tambaye shi ko ta ƙara ɗaga murya ne don na baya su ji. Ayarin duka suka waiwayo. Osla ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Suka ƙarasa yinin a kan wani benci cikin yayyafi suna ɓare ƙwai, shi yana cewa ai ko ba komai sun ji rabin tarihin garin kyauta.

Ta haƙura a Norway, ta haƙura a Faroe. Ran kwana na shida da la'asar, suna shan shayi a saman jirgi, Lowrie ya baje mata tsarin gobe. Wankin riga ɗaya a jirgin nan fam uku ne, ga shi sun tara datti na mako guda. To gobe za su sauka da jakar kayan a ƙaramin jirgin farko mai kai mutane gaɓa, su hau bas ɗin haya da katinsu na tsofaffi wanda ba a biyan ko kwabo, su je gida. Ta sa kayan a injin wanki ta shanya, iskar Shetland ta busar kafin azahar, shi kuma ya duba tumaki ya ba tumatir ruwa. Su ci abincin gida, su dawo kafin biyar da kaya fes. Har ya yi tunanin su yi zamansu a gida kawai su huta da kuɗin jirgin fito na dawowa, amma ya tuna da abincin kwana biyu da ya riga ya biya, zuciyarsa ba ta ba shi ya bar musu ba.

Osla ta ajiye kofinta, ta buɗe jaka ta fito da wata 'yar takarda ta ɗora a tebur. Tikitin zagayen kudancin Shetland ne, na mutum ɗaya, fam sittin da biyar. Da kuɗin safar hannun da take saƙawa ta saya.

Lowrie ya juya takardar gaba da baya. Ya ce, "Uwargida, wannan fa hanyarmu ce. Hanyar da aka biya ni shekara talatin da biyar in bi. Ke kuma za ki biya a bi da ke?"

"Kai ka bi ta, maigida. Ni taga kawai na sani."

"To wankin fa?"

"Injin yana nan inda ka saba wuce shi. Maɓallin hagu ake murɗawa."

Ya kawo hujja ta kai goma. Ya ce zai zauna kusa da ita a bas ɗin haya ya yi mata bayanin kowane dutse kyauta, har da waɗanda 'yar jagora ba ta sani ba. Ya ce mutanen ƙauye za su gan ta su yi ta yi da su har Kirsimeti. Ta yi kunnen uwar shegu ta ci gaba da shan shayinta. Tura ce ta kai bango, kuma shi ma ya san wannan fuskar tata.

Washegari jirgi ya tsaya a tsakiyar mashigin Bressay, ƙananan jirage suka yi ta jidar mutane zuwa gaɓa. Lowrie ya tafi da na farko, jakar wanki a kafaɗa, ko sallama bai yi ba. Osla ta sa jar hularta da ta saya tun bikin 'yarsu ba ta sake sawa ba, ta bi layi aka manna mata lamba huɗu a ƙirji. A ƙofar bas ta yi kiciɓis da 'yar jagorar, Wilma Leask, tsohuwar malamar makaranta wadda suke zama benci ɗaya a coci.

Wilma ta buɗe baki za ta yi magana, Osla ta riga ta. Ta ce a hankali, "Yau ba ki san ni ba, Wilma. Baƙuwa ce ni."

Wilma ta dubi hular, ta dubi lambar, ta haɗiye dariyarta. Ta ce, "Sannu da zuwa ƙasarmu, baiwar Allah. A yi hankali da matakalar."

Ta sami gefen taga. Kusa da ita wata mata ce mai suna Maureen daga Leeds, mai surutu kamar rediyo, wadda ta yi ta nuna mata abubuwa. Ga tumaki, ga gajerun dawakai, ga bangon dutse ba siminti. Osla tana gyaɗa kai tana cewa ikon Allah. Abin mamaki, ba duka ne wasa ba. Kujerar bas ɗin ta fi ta motar Lowrie tsawo nesa ba kusa ba, daga can sama ana hango abin da ke bayan katangu, ana ganin yadda gonaki ke gangarawa har bakin ruwa. Wilma ta ba da labarin wani tudu da Osla ta wuce sau dubu a hanyar asibiti, ashe mutanen zamanin da ne suka gina shi. A wani otal aka kawo mata shayi da waina a faranti, ta ci ta tashi ta bar kofin a tebur. Sau biyu hannunta yana kai wa kofin da kansa, tana janye shi.

Wajen ƙarfe ɗaya, a hanyar dawowa, bas ya rage gudu ya tsaya a kwanar. Ta sauko a cikin na ƙarshe ta tsaya inda baƙi ke tsayawa.

Ba ta taɓa ganin gidan daga nan ba, ba don nisa ba, sai don duk ranar da ta taka wurin akwai abin da take sauri ta je ta yi. Fari ne ƙal, teku a bayansa shuɗi har iyakar gani, furannin da ta shuka jikin katanga sun yi ja. Gida ne mai kyau, irin wanda mutum zai gani ya ce masu shi sun more. Sai idonta ya faɗa kan tagar kicin, 'yar ƙarama, duhu a cikinta. Ashe iyakar girmanta ke nan. Tausayin matar da ta tsaya a bayan wannan taga shekara talatin da ɗaya ya kama ta, hawaye ya cika mata ido, ta ji daɗi da baƙin ciki a lokaci ɗaya.

Hayaniyar mutane ce ta dawo da ita. Duk wayoyi sun juya gefe ɗaya. Lowrie ne a bakin igiyar shanya, cikin tsohuwar rigar aikinsa da hular ulu, maƙalan shanya uku a baki, yana kokawa da rigar barcinta da iska ta naɗe masa a wuya. Fararen rigunansa kuwa duk sun koma ruwan hoda, da alama ya haɗa su da jar safarta. Wilma, wadda ba ta barin dama ta wuce ta, ta sanar da murya mai daɗi cewa baƙi sun yi sa'a, ga wani dattijon ƙauye yana shanya irin ta gargajiya.

Maureen ta dafa ƙirji ta ce bawan Allah, da gani matarsa ta rasu. Ta ƙara duba shi ta ce kamar ta san fuskar nan a wurin karin kumallo. Osla ta ce ai tsofaffin ƙasar nan duk kamarsu ɗaya.

Lowrie ya kuɓuta daga rigar ya ɗago, ya ga wayoyi arba'in suna kallon sa. Ya yi tsuru-tsuru, ya rasa inda zai sa hannunsa. Sai ya hango jar hula a bakin katanga. Osla ta san abin da zai biyo baya. Zai ƙwala mata kira ya tambaye ta ina take ajiye sauran maƙalai, ko me ya sa rigunan suka canza launi, shi ke nan baƙunta ta ƙare, fam sittin da biyar sun bi ruwa.

Ya daɗe yana kallon ta. Ya dubi wayoyin, ya waiga ya dubi tagar kicin, ya sake duban ta. Sannan ya cire maƙalan daga baki, ya tako har bakin katanga, ya tuɓe hularsa.

Ya ce, "Sannu da zuwa, baiwar Allah. Daga nesa kike?"

Ta ce, "Daga nesa ƙwarai. Shekara talatin da ɗaya ina hanya."

Ya sunkuyar da kai yana murza hular a hannu. Ya ce, "To a kalla a tsanake. Wurin ba laifi. Matar gidan ce ta gyara shi haka, ni ban taɓa tsayawa na duba ba." Ya tsinko fure ɗaya daga jikin katanga ya miƙa mata. Maureen ta tambaya ko ana biya, aka ga bakinsa ya motsa, ya yi ta maza ya ce kyauta ne.

Direba ya danna oda. Osla ta juya za ta tafi, sai ta hango baƙin hadari ya taso daga kudu, irin wanda ta sani sarai ba ya wuce minti goma sha biyar bai zubo ba. Ga kaya cike da igiya, ga rigunan an maƙale su ta kafaɗa maimakon ta gindi, ga Lowrie ya ba hadarin baya yana ɗaga wa baƙi hannu. Maganar ta zo har bakinta. Ta haɗiye ta, ta soke furen a jikin hularta, ta hau bas ta koma kujerarta ta gefen taga.