Tantunan Malam Tsoho

Malam Tsoho ya daɗe yana ba mahajjata hayar tantuna a Mina. In an gama Hajji sai ya naɗe su, ya jibge a ɗakin dutsen da ya gina kan tudu a unguwar Zahir, cikin Makka. Ɗan ƙanwarsa Mukhtaru, haifaffen Makka, shi ma yana taɓa sana'ar, amma ainihin aikinsa a Jidda yake, wurin masu hasashen yanayi. Tasa ma'ajiyar a gindin kwari take.

Gab da ƙarewar zafin 1966, Mukhtaru ya zo da wata shawara.

"Kawu, hawan tudun nan na cin gwiwarka. Mu yi musanya mana. Tawa ta fi faɗi, mota har ƙofa take zuwa."

Tsoho ya dubi duwatsun wajen Ɗa'ifa, inda hadari ke taruwa da la'asar. "Ruwa fa? Kai ne a cikin masu hasashen. Me suka gani?"

"Ma fi shai, Kawu, babu komai. Bana ko ɗigo."

Tsoho bai ko nemi ya rantse ba. Aka kwashe kaya, aka yi musanya.

Ba a rufa wata ba guguwa ta taso daga teku, aka tsuge da ruwa a kan duwatsu. Kafin la'asar kwarin ya cika ya kawo. Tsoho na tsaye a gefe, ambaliya ta ɓalle ƙofar, ta yi gaba da tantunan, har da turakunsu.

Washegari Ramlatu, matar Mukhtaru, ta kawo masa abinci da jaje. Yarinya ce marar ɓoye-ɓoye.

"Allah ya mayar da alheri, Kawu. Shi ma tun watan jiya ba ya barci. Ya ce a wurin aikinsu an ga alamun guguwa, kwarin nan ba zai tsira ba. Na zaci ya faɗa maka."

Tsoho ya ajiye lomar da ya ɗauka. "Tun watan jiya?"

Sai a lokacin ta gane abin da ta faɗa. Ta ja mayafi ta rufe baki.

Ranar Juma'a, a ƙofar Harami, Mukhtaru ya yi masa sallama, ya miƙo hannu. Tsoho ya amsa sallamar don wajibi ce, hannunsa kuwa bai fito daga aljihu ba.

Da Hajji ya zagayo, aka ga Tsoho a Arfa yana dakon ruwa. Ƙanwarsa, uwar Mukhtaru, ta yi ta tambayar abin da ya raba su. Har ta rasu bai gaya mata ba.