Iskar da Na Bari a Bututu

Bututun faiba ba kamar na ƙarfe ba ne. In ka matsa masa ruwa sai ya ɗan kumbura, allurar agogon awon matsi ta sauka, sabon injiniya ya ɗora hannu a ka ya ce yoyo ne. Ba yoyo ba ne, miƙa yake yi. Shekara talatin da huɗu ina binne shi, daga Dammam har Brunei, da ilimin aji huɗu. Na san abin da ke tsayar da allura, na san abin da ke hana ta tsayawa.

Aikin Jeneponto, yankinmu na haihuwa, kilomita shida ne, daga tanki zuwa ƙauyuka uku da har yanzu a bayan doki suke ɗebo ruwa. Mun binne, mun bar mahaɗai a buɗe don a ga ko za su yi gumi. Saura gwaji: a cika ruwa, a fitar da iska, a matsa, allura ta tsaya awa biyu. In ta tsaya, injiniyanmu Pak Yusran, wato Malam Yusran a yarenmu, ya sa hannu, kamfani ya kwashe mu zuwa Kendari, ƙetaren teku.

Ni kuwa ba na son tafiya. A kan tudu, inda bawul ɗin fitar da iska yake, nan rumfar Daeng Kebo take, ƙarƙashin giginya, tana sayar da kofi da soyayyar ayaba. Da ita aka sa mana rana muna yara. Na ce bari in je Saudiyya shekara biyu, na yi sha tara. Ta yi aure, ta haifi huɗu, mijin ya rasu. Wata huɗu ina zama a bencinta kullum, muna zancen tsadar gishiri da ciwon baya, ba mu taɓa taɓo wancan tsohon zance ba.

Sattu, tsohon da ke riƙe da famfon matsa ruwa, ya gane tuntuni.

"Daeng Tompo, gwiwar da ba ta shiga rami ita ce ke hawa tudu sau uku a rana?"

"Likita ya ce in riƙa motsa ta."

"Wane likita? Mai soya ayaba?"

Ranar gwaji aka tura ni tudu in fitar da iska. Na dafa bawul ɗin, na tsaya, sai na sauke hannuna ban buɗe ba. Na buga waya na ce an gama. Iska in ta maƙale a bututu, allura ba ta zama. Ta hau da ƙyar, ta yi rawa, ta riƙa zamewa. Pak Yusran ya bi mahaɗai ɗaya bayan ɗaya, duk a bushe. Ya cire hula ya share goshi.

"Daeng, kai ka fi ni gani. Mene ne?"

"Wani lokaci sai an tona, Pak. Sati biyu, ko uku."

Na faɗa ban ƙifta ba. Sattu ya dube ni, ya tofar da yawu gefe.

Washegari na hau tudu da hantsi. Kebo tana sauke jarkoki daga dokin maƙwabcinta, tana ɗingisawa. Na miƙa hannu zan taya ta, ta ce in bari.

"An ce bututunku ya ƙi."

"Haka yake yi wani lokaci."

"Tompo." Ba ta sa Daeng na girmamawa ba, kamar yadda take kirana a da. "Kwana uku kuna cika ruwa, kullum sai ka buɗe abin can ya yi huci kamar kububuwa, kajina su watse. Jiya kajina ba su motsa ba."

Na ce kunne ne, tsufa ya zo.

"Kunnena lafiya lau. Ƙugu ne ya mutu, da ɗaukar waɗannan." Ta zuba mini kofi, ta ajiye da ƙarfi har ya fantsama. "Matan ƙauyen Bontorannu sun sayar da dawakinsu, an ce musu ruwa na zuwa. Ka je ka buɗe."

"In na buɗe, ran Alhamis mun tafi."

"Na sani."

"To ki ce in zauna mana."

Ta daɗe tana juya ayaba a mai. Sannan ta ce, "Da bakinka ya kamata ka tambaya, wata huɗu da suka wuce, ba da bututun mutane ba. Kuma da ka tambaya ma, a'a zan ce. Na yafe maka tuntuni, wallahi. Amma na saba da gidana yadda yake."

Na shanye kofin duk da zafinsa. Na je na buɗe bawul a hankali, don iskar da aka matsa tana iya cire wa mutum hannu. Ta yi ta huci kusan minti goma, sannan ruwa ya biyo, farko da kumfa, daga baya garau.

Na sauka na ce wa Pak Yusran a sake gwadawa kafin a tona. Ya kalle ni, ya kalli tudu, bai tambaya ba. Sattu ya tayar da famfo. Allura ta hau, ta ɗan sauka, muka ƙara mata, ta tsaya. Awa biyu ina tsugune gabanta cikin rana, ina roƙonta a zuci ta motsa ko kaɗan. Ko gezau.

"Hannunka da albarka, Daeng," in ji Pak Yusran, yana sa hannu a takarda.

"Ƙwarai kuwa," in ji Sattu. "Har ya yi yawa."

Ran Alhamis motarmu ta bi ta kan tudu. Kebo na tsugune tana wanke kasko, bayanta na hanya. Na ce wa direba ya ɗan rage gudu. Ya ce jirgin ruwa ba ya jiran kowa, ya ƙara wuta. Na juya ina kallo ta gilashin baya, har hanya ta karya kwana.