Kwalbar Yawu

Kwalbar ba ta kai tsawon yatsa ba, amma da Lauya ta ajiye ta a kan kantar shagon, tsakanin hantsaki da tiren ƙananan kusoshi, sai Mai Agogo ta ji shagon ya yi mata kaɗan. Ta cire gilashin da take maƙalawa a ido ta kalli 'yarta. Lauya ce da gaske yanzu, amma tun yarinyar tana firamare uwar ke kiranta haka saboda bakinta.

A tsaye ta yi bayanin, kamar a gaban alƙali. Ita da mijinta sun je asibitin haihuwa. Za a haɗa ƙwai a waje, a samu 'yan tayi, a duba kowanne kafin a dasa a cikinta. Wanda ya ɗauko gajarta ba za a dasa shi ba. Sai dai likita ya ce gwajin ba zai zama tabbas ba sai an kwatanta da na uwarta, tunda daga wurinta abin ya fito. Yawu kawai ake so, zuwa baƙin layin da ke jikin kwalbar.

"Wato in tofa musu da bakina, su gane irina su ware," in ji Mai Agogo.

"Umma, ba haka na ce ba."

"Ba sai kin ce ba. Ɗauke min ita daga kan aikina."

Lauya ba ta ɗauke ba. Ta juya ta fita da tafiyar nan tasu ta rangaji, ta bar kwalbar inda take.

Mai Agogo wada ce, 'yarta ma haka. Iyayenta dogaye ne, kakanninta ma, har dangin uba suka yi ta ƙananan maganganu lokacin da aka haife ta. Sai da ta girma wani likita ya gaya mata cewa ba laifin kowa ba ne, harafi ɗaya ne ya sauya a ƙwayoyin halittarta, kuma da irin wannan sauyin halittu suke samun bambanci tun farkon duniya. Wasu za su ji wannan su yi baƙin ciki. Ita alfahari ta yi, ta ce ashe ita ce ta farko a layinta. Ta sa kafinta ya sauko mata da komai na gidanta, daga wurin wanke kwano har makunnin fitila, dogon baƙo kuwa sai dai ya sunkuya ya ɗana yadda ake ji. Doka ɗaya ta kafa a gidan: ba a kuka, ba a cewa baya na ciwo.

Kwana shida kwalbar tana kan kantar. Masu kawo gyara suna tambaya ko sabon man agogo ne, tana ce musu eh. A rana ta bakwai surukinta ya zo. Mutumin kirki ne, tsawonsa ne kawai ya yi yawa, a bayan idonsa Falwaya take ce masa. Ya durƙusa ya gaishe ta, wanda hakan ya kawo su ido da ido, ya fara lallashi. Ta bar shi ya gama, sannan ta tambaye shi ko da ya ga 'yarta ya ce yana so, a zaune take bai lura ba. Ya ce ya lura. Ta ce to ya tashi, yana tare mata haske.

Washegari ta rufe shago da hantsi, ta jefa kwalbar a jaka, ta nufi asibitin don ta mayar musu da kayansu hannu da hannu. Teburin karɓar baƙi ya fi ta tsayi, abin da ya ƙara tunzura ta. Ta ƙwanƙwasa shi da makulli har ma'aikaciyar ta leƙo.

Likitan bai yi mata kwana-kwana ba, kuma ta so ya yi, don ta samu na kamawa. Ya ce babu abin da suke canzawa a jikin ɗan tayi, dubawa kawai suke yi, zaɓi na iyaye ne. Ta ce mai riƙe da rariya ma yana iya cewa ba shi ya zaɓi tsakuwa ba. Ta tambaye shi ko da injin gwajinsa yana nan shekara hamsin da takwas da suka wuce, lokacin da za a haife ta, wa zai gyara agogon da ke hannunsa, wanda tun shigowarta ta ga yana latti da minti huɗu. Likita ya kalli agogon.

Ana cikin haka aka buɗe ƙofa. Lauya ce, ta zo allurar da ake yi mata kowace safiya, ma'aikaciyar ta gaya mata wata mata mai kama da ita tana ciki tana faɗa. Likita ya tuna yana da wani aiki, ya fice.

"Kunyata kike ji," in ji uwar. "Faɗi kawai, in huta."

"Ban taɓa jin kunyarki ba, Umma. Haushinki nake ji." Muryarta ba ta tashi ba. "Ina da shekara goma sha ɗaya aka miƙe min ƙasusuwan ƙafa. Wata uku ina cizon filo saboda a gidanmu ba a kuka. Na zaci ni ce raguwa, ke ba kya jin komai. Sai ranar da na buɗe cikin babban agogon falo na tarar da ƙwayoyin maganin ciwon bayanki, kwali a kan kwali."

Mai Agogo ta ji kunya, irin wadda ba ta taɓa ji a gaban dogaye ba. Ta ce ai don ta ƙarfafa ta ne.

"Kin ƙarfafa ni. Ke kika ce kada in bar kowa ya yanke min hukunci a kan jikina, ko likita, ko miji, ko dangi. Ba ki ce ban da ke ba. In kin hana, ba zan ƙara roƙo ba. Zan yi da abin da gwajin ya iya, in bai iya ba in haƙura da haihuwar."

Uwar ta san za ta aikata, don ita ma da haka za ta yi. Abin da ya fi ƙona mata rai ke nan: taurin kan da ake yaƙarta da shi nata ne, kuma ba ta ji ana maganar tace shi ba.

Ta ciro kwalbar ta buɗe. Bakinta ya bushe ƙamas saboda faɗa, sai da ta ɗauki kusan minti goma tana tarawa kaɗan-kaɗan, tana harare-harare, kafin yawun ya kai layin. Ta rufe da kanta, ta murɗa sosai. Da likita ya dawo ta miƙa masa.

"Ban yarda ba," ta ce. "Ka ji da kunnenka. Na bayar ne don ita, amma ban yarda ba. Kuma in kun gama tantancewa, a gaya min nawa ne irina."

Likita ya ce wannan sai da izinin 'yarta. Lauya ta gyaɗa kai.

Bayan mako bakwai waya ta yi ƙara tana tsakiyar haɗa wani agogon aljihu. Lauya ce. Ta gaishe ta, ta tambayi aiki, ta yi ta kewaye-kewaye, abin da ba halinta ba.

"Nawa?" in ji uwar.

"Biyar aka samu, Umma. Uku irinmu ne."

Mai Agogo ta ajiye hantsakin a hankali. Jikoki uku da ba za ta taɓa goyawa ba.

"Mun fi yawa," ta ce.

Can ɗaya ɓangaren ta ji 'yarta ta fashe da kuka. Ta riƙe wayar a kunne, ba ta ce mata ta yi shiru ba.