Ɗan Ayu a Kwarmin Tarwaɗa

Salamatu mai suyar kifi ce a bakin tafkin Bagauda, kuma kowa ya san ba ta haɗiye magana. Ƙanenta Habu direban babbar mota ne, yana ɗauko doya daga yankin Binuwai. Ranar jajibirin babbar Sallah sai ga shi da kaya daban: ɗan ayu, dabbar ruwan nan mai fuska kamar ta maraƙi, a naɗe cikin jiƙaƙƙen tamfol. Ya saka shi a tsohon kwarmin simintin da ya taɓa kiwon tarwaɗa, ya kewaye da zana, ya kafa lasifika.

"Ku zo ku ga ayu ido da ido! Ba labari ba!"

Jama'a kuwa suka yi dafifi, har daga Kiru da Tudun Wada. Da la'asar Salamatu ta leƙa. Ruwan bai kai ƙugu ba, ya yi kore, ɓawon gyaɗa da tuƙar rake na yawo a kai. Dabbar ba ta da wurin juyawa. Da ta motsa sai hancinta ya daki bango, har ya saɓule ya yi ja. Samari na tsokalarta da kara don ta ɗago su ɗauki hoto, ita kuwa sai wani siririn kuka take kamar na ɗan tsako.

"Habu, ina uwarsa?"

Ya yi dariya. "Haba Yaya, ai masunta sun cinye ta tun a can. Ni ma taimakonsa na yi."

"Taimako? Jaririn da ko nono bai saki ba ka jefa a wannan ƙazamin rami, ka ɗora masa kiɗa a ka! Kai da kake kuka in an kulle ka a ɗaki kana yaro?"

"Dabba ce fa."

"Wanda ya halicce ka Shi ya halicce ta, kuma zai tambaye ka!"

Ta fizge karan hannun wani saurayi ta karya, ta tsaya a ƙofar zana tana korar mutane. Wasu suka sunkuyar da kai suka juya. Mafi yawa suka raɓa ta gefenta suka shige, wata mata ma har da cewa hassada ce, ba ta son ƙanenta ya samu.

Washegari ta tafi wajen mai unguwa. Ya saurare ta, ya jinjina kai, ya ce a bari hidimar Sallah ta wuce tukuna a nemo jami'an kula da namun daji. Ta ce to a saki ɗan ayun a tafki. Masunta suka ce raga ce za ta kama shi kafin rana ta faɗi. Ta dawo ranta na tafasa, ta dama madara a gora ta durƙusa bakin kwarmin. Ɗan ayun ya shinshina hannunta, ya kau da kai.

Kafin a gama yawon Sallah, wata safiya aka tarar da shi ya juya ciki sama.

Habu bai ko cire zanar ba ya zo rumfarta yana sosa ƙeya.

"Yaya, ara mini babban kaskonki mana. An ce man ayu yana da kasuwa, gara in soye kitsen kafin ya lalace."

Salamatu ta dube shi har ya sauke ido.

"Da ransa ka ci, yanzu gawarsa za ka ci? Fita mini daga rumfa, Habu. Kada ka ƙara ce mini Yaya a gaban mutane."

Ya tafi ya aro na wata. Da ƙaurin ya fara tasowa daga bayan zana, Salamatu ta yayyafa wa wutarta ruwa, ta rufe ɗanyen kifinta, ta kama hanyar gida ba ta yi wa kowa sallama ba.