Jar Saniyar Baffa Buba

Mu huɗu ne muka rage masu ɗaukar hoto da fim baƙi-da-fari a kudancin Kano: ni Sha'aibu a Kwanar Dangora, Hamidu a Kiru, Ghali a Tudun Wada, sai Mujitaba can Doguwa. Mai sayar mana da fim a Kano ya ce kamfanin da ke yin sa a Turai zai daina in babu masu saye. Sai muka yi alkawari kowa zai ƙarar da naɗi ɗaya duk wata. Wato wani ƙaton kamfani ya jingina da tsofaffi huɗu masu ciwon baya. Matata ta ce Allah ya ba kamfanin haƙuri.

Sayen fim ba wuya, samun wanda zai tsaya a ɗauke shi ne aiki, tunda kowa da waya a aljihu. Na ɗauki akuyar maƙwabci har ta gane ni.

Ana haka, wata ranar kasuwa Baffa Buba ya zo shagona. Dattijon Bafulatani ne daga wata ruga wajen Ƙofa. Bayan mun gaisa ya ce, "Mai hoto, Woɗe za ta tafi yau. Ina so a bar mini kamanninta."

Woɗe saniyarsa ce, sunan kuma ja yake nufi da Fillanci. Jikar karsanar da mahaifinsa ya ba shi ce, ita kaɗai ta rage a zuriyar. Ta tsufa, ta daina haihuwa, ya sayar da ita, tirela na jiran ta.

Na rataya kyamara muka tafi kara, wajen cinikin shanu. Direban tirelar, wani Jamilu, ya zaro waya ya ce, "Baba, tsaya in ƙyasta maka, yanzun nan ka gani."

Na ce, "Mayar da abin wasanka aljihu. Naka gobe ya goge, nawa jikokinsa za su gani."

"To, ranka ya daɗe, baban kamfani," in ji shi, don labarin alkawarinmu ya zaga gari, ya mayar da wayar.

Baffa ya dafa ƙahon Woɗe, ta kwantar da kai a kafaɗarsa, hasken hantsi ya sauko ta gefe. Na san na samu. Kafin azahar tirela ta kama hanyar Kudu.

Da na wanke hoton na kai wa abokai a taronmu na Kiru. Hamidu, wanda bai taɓa yabon ko shayina ba, ya ce, "Sha'aibu, ashe kana gani!" Ghali ya ce a aika wa kamfanin su san ba a banza suke wahala ba. Na dawo gida ina tafiya kamar an naɗa ni sarauta.

Kasuwa ta zagayo, Baffa ya zo. Ya goge hannu a riga kafin ya karɓa. Ya daɗe yana kallo, ya matsa bakin ƙofa wajen haske, ya sake kallo.

"Wannan dai ni ne," ya ce. "Saniyar wa aka sa mini?"

"Woɗe ce, Baffa. Dubi ƙahon."

"Ƙahon nata ne. Amma wannan baƙa ce. Gidanmu ba a taɓa kiwon baƙar saniya ba."

Na san ja duhu yake fitowa a irin wannan fim, tun ina koyon aiki na sani. Abin da ban tsaya na tuna ba, Bafulatani da launi yake sanin saniyarsa, da shi yake raɗa mata suna. Na fara yi masa bayanin haske da inuwa, na ji muryata kamar ta mai tallar magani a mota.

Sai na tuna ina da ragowar kalar da muke shafa wa hotunan amare a da. Na ce, "Baffa, zan mayar maka da ita ja."

Fuskarsa ta ɗan saki. "To. Wane ja?"

"Ja dai."

"Na jan ƙasa, ko na goro, ko na dawa in ta nuna? Ai ka gan ta. Ka fi kowa daɗewa kana kallon ta ran nan."

Na kalle ta kam. Na ga inda haske ya faɗi, na ga inda inuwa ta tsaya. Jan ne ban gani ba. Na jera masa kwalabe, ya duba ɗaya bayan ɗaya yana girgiza kai. Na tambaya ko wani a ruga ya taɓa ɗaukar ta da waya. Ya ce ba wanda ya yi, ai shi ya sa ya zo wajen gwani.

Ya sallame ni, ya ajiye hoton a kan tebur a hankali. "Riƙe, mai hoto. In na kai gida, yara za su taso suna cewa haka take."

Hoton yana nan rataye a shagona. Har yanzu ina sayen naɗina duk wata, an ce kamfani bai rufe ba. Jiya ma wani ya tsaya gaban hoton ya ce, "Kai, wannan baƙar saniya ta yi kyau."

Na ce masa na gode.