Ajamin Majinyaci

Hansai ta tura tagar da hannu biyu. Tagar ta buɗe faɗin yatsu huɗu, ta cije.

"Iyakarta ke nan, Hajiya," in ji Anatu. "Haka aka ƙera su tun farko, don kada wani ya zura kai. Masu flat ɗin sun canja komai, amma hukumar gari ta hana a taɓa tagogin."

Suna tsaye a doguwar barandar tsohon asibitin masu taɓin hankali a arewacin London, wanda gwamnati ta rufe shekara talatin da suka wuce aka mayar da shi gidajen masu hannu da shuni. Daga waje sai ka ce fada: jan bulo, hasumiyar ruwa, ƙofa mai ginshiƙai. Daga ciki kuwa barandar ta miƙe har ido ya gaji. An shimfiɗa kafet, an jera tukwanen furanni, duk da haka wani sanyi na fitowa daga bangon. Anatu ta yi aikin jinya a nan shekara takwas na ƙarshe, kuma har yau in ta zo wata kusurwa sai ta rage tafiya ta kasa kunne.

Ita ta nemo Hansai. Bayan ta yi ritaya ta shiga ƙungiyar masu tattara tarihin asibitin, a nan ta ci karo da fayil mai sunan Is'haq na Zariya. Ta tuna matar da take ji a rediyon Hausa, Hansai Is'haq.

Is'haq ya zo karatu London a 1963, ya bar matarsa Rahinatu da cikin Hansai. Wasiƙa biyu, sai shiru. Mutanen unguwa suka yanke cewa ya auri Baturiya. An yi an yi da Rahinatu ta je wajen alƙali a raba auren, ta ƙi. "Ya dawo ya sake ni da bakinsa," haka take cewa. Shekara sittin tana riƙe da fushin nan, ko sunansa ba a ambata a gabanta. Hansai ta gaji fushin. Shekararta talatin a garin nan, ko sau ɗaya ba ta nemi labarinsa ba.

Suka fita suka zauna a kan benci a lambun da dā ake fito da majinyata su sha iska. Katangar lambun a cikin rami aka gina ta, yadda na ciki zai hangi filaye ya ɗauka babu abin da ya tsare shi. Anatu ta miƙa mata ambulan mai ɗauke da takardun fayil ɗin.

Bayanin likita gajere ne. An tsince shi a tashar jirgin ƙasa cikin hunturu, babu takalmi, ya daina amsa Turanci. Ƙasa kaɗan aka ƙara: yana cika takardu da zane-zane daga dama zuwa hagu, marasa ma'ana, a ajiye a fayil.

"Ni ban iya karantawa ba," Anatu ta ce. "Amma a Kafanchan na tashi. In na ga ajami na san shi."

Hansai ta ɗora yatsa a kan layin farko, tana haɗa baƙi da wasali yadda ta koya a makarantar allo.

"Zuwa ga Rahinatu. Bayan gaisuwa, na samu sauƙi. Sun ce sai wani nawa ya zo ya sa hannu kafin su sallame ni. Ki gaya wa Yaya Saani. Har yanzu ban ji abin da aka samu ba, mace ko namiji."

Wasiƙu arba'in da ɗaya ne, ba a aika ko ɗaya ba, ta ƙarshe a 1974. A shekarar ciwon huhu ya kashe shi, aka binne shi a bayan asibitin da lamba maimakon suna. Anatu ta nuna wurin da haɓa. Ciyawa ce shar, wata mata na yawo da karenta a kai. Kunya ta kama Hansai, irin wadda ba ta taɓa ji ba.

"Za ki gaya wa mahaifiyarki?" in ji Anatu.

"Ta haura tamanin, Anti. Ga hawan jini."

Hansai ta jima tana juya wayarta a hannu. Sannan ta kira Zariya.

Ta karanta wa Inna wasiƙar farko, ta karanta ta biyu. Babu abin da take ji sai kukan wata akuya can nesa a tsakar gida.

"Inna, kina ji na?"

"Wa ya yi masa wanka?"

Hansai ta dubi Anatu. Anatu ta sunkuyar da kai.

"Ba a rubuta ba, Inna."

Sai ta ji muryar tsohuwar ta yi nisa da wayar, tana kiran matar da ke kula da ita.

"Rukayatu, zo ki cire min 'yan kunnen nan. Ki kwashe turaren da kwallin."

"Inna, shekara hamsin fa da rasuwarsa. Babu sauran takaba a kanki."

"Ni yau aka gaya min," Inna ta ce. "Wata huɗu da kwana goma. Duba min, yau nawa ga wata?"